Neman Gurbin Digirin Digirgir: Wa Ke Yanke Hukunci, Kuma Daga Aljihun Wa Kuɗin Zai Fito?

Duk shekara da zarar Satumba ta kama, masu niyyar neman digirin digirgir a jami'o'in Amurka da Turai sukan shiga zulumin tambayoyi biyu. Maki nawa zan ci a GRE, jarrabawar da ake yi wa masu neman shiga manyan digiri, kafin a kalli takarduna? Sannan in rubuta wa farfesa wasiƙa tun kafin in cike fom, ko kuwa za a ɗauke ni mai shisshigi? Amsoshin da ake ba su sukan ci karo da juna. Wani zai rantse wasiƙar da ya aika wa wata malama ce ta buɗe masa ƙofa. Wani kuma ya ce bai taɓa rubuta wa kowa ba, ga shi yana shekara ta uku. Wannan ya ce jarrabawar ta mutu, wancan ya ce ita ta kayar da shi. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya ba da labarin ƙofar da ya bi ne, ƙofofin kuwa ba ɗaya ba ne.

Akwai tambayar da ta riga waɗannan biyun, ita ce kuma aka fi tsallakewa: a wannan sashen da nake nema, wane ne ke cewa a ɗauka ko a bari, kuma wa zai biya kuɗin zamana? Wanda ya gano amsarta, sauran tambayoyin da kansu suke warwarewa.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ne ƙashin bayan maganar. A manyan jami'o'in bincike na Amurka, ɗalibin digirgir ba ya biyan kuɗin makaranta a mafi yawan fannoni. Ana yafe masa, a ba shi alawus, sau da yawa har da inshorar lafiya, na tsawon shekara biyar ko shida. Kuɗin yakan fito ne ta ɗaya daga hanyoyi uku: ya taya koyar da 'yan digirin farko, ko ya yi aiki a binciken wani malami a biya shi daga tallafin da malamin ya samo, ko ya samu tallafi na kansa daga jami'a ko wata hukuma. Ke nan duk wanda aka ɗauka ɗawainiya ce ta shekaru a wuyan wani. Shi ya sa lamarin ya fi kama da ɗaukar ɗan koyon sana'a fiye da cin jarrabawar shiga makaranta. Mai ɗauka yana tambayar kansa ne: in na zauna da wannan mutum shekara biyar, aiki zai fito?

To wane ne mai ɗaukar? A nan tsarin ya rabu. A sassa irin su tattalin arziki da lissafi da kimiyyar siyasa a Amurka, galibi kwamitin malamai ne ke zama ya zaɓi ajin shekarar baki ɗaya. Ɗalibi yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana darussa, ya ci jarrabawar cancanta, sannan ya zaɓi wanda zai duba masa aiki. A irin wannan wuri farfesan da ka rubuta wa watakila ba ya cikin kwamitin bana ma, kuma ko yana so ba shi da gurbin da zai ba ka. A yawancin shirye-shiryen kimiyyar halittu da ta lafiya akwai tsarin zagaye: kwamiti ya ɗauke ka, ka yi makonni a ɗakunan bincike kamar uku a shekarar farko, sannan ka zauna a ɗaya. Amma a fannoni irin su nazarin halayyar ɗan Adam, da ilimin muhalli da halittun daji, da ɓangarori da dama na injiniyanci, malami guda ne ke da wuƙa da nama. In bai ce yana so ba, ko kuma ba shi da kuɗi a bana, takardunka ko na zinare ne ba inda za su je.

Turai kuma wata duniya ce. A Birtaniya digirin yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu, ana sa ran ka zo da tsarin binciken da kake son yi, kuma jami'o'i da yawa da bakinsu suke cewa ka nemi malamin da zai amince ya duba ka kafin ka nema. Samun gurbi daban, samun kuɗi daban, kowanne da fafutukarsa. A Jamus hanyar da aka gada ita ce ka sami farfesa ya karɓe ka, har ma suna kiransa da sunan da ke nufin uban digiri ko uwar digiri. A Holan da Suwidin da Nowe da Denmak kuwa, ana tallata gurbin kamar yadda ake tallata aiki, da albashi da kwantiragi, ka nema kamar mai neman aiki. Yawancin waɗannan ƙasashe suna son ka zo da digiri na biyu, alhali a Amurka ana iya shiga kai tsaye daga digirin farko. GRE kuma a mafi yawan fannoni a Turai ba a ma zancenta, sai a wasu makarantun tattalin arziki da kasuwanci.

Yanzu ga jarrabawar. Hukumar ETS da ke Princeton a jihar New Jersey ce ke shirya GRE. Tana da ɓangare uku: fahimtar Turanci, lissafi, da rubutun insha'i. Tun 2011 ake ba da makin ɓangarorin farko biyu daga 130 zuwa 170, insha'i kuma daga 0 zuwa 6. A Satumbar 2023 aka rage ta daga kusan awa huɗu zuwa ƙasa da awa biyu, aka bar insha'i ɗaya maimakon biyu. Sakamakonta yana aiki shekara biyar, ana iya sake ta bayan kwana 21, har sau biyar a cikin wata goma sha biyu, kuma mutum na iya zaɓar sakamakon zaman da yake so a aika. Lissafinta bai wuce na sakandare ba, dabarar tambaya da ƙarancin lokaci ne ke kayar da mutane. Wani abin da masu shiri ba su cika lura da shi ba: maki 160 a Turanci ya fi maki 160 a lissafi daraja nesa ba kusa ba, domin masu cin maki mai yawa a lissafi sun yi yawa. Shi ya sa a sashen tattalin arziki ko injiniyanci makin lissafin da a ido yake kamar babba zai iya zama na tsaka-tsaki. Akwai kuma jarrabawar fanni ta daban, wadda a yanzu ta rage a lissafi da fiziks da nazarin halayyar ɗan Adam, bayan an soke na sauran fannoni ɗaya bayan ɗaya.

Martabar jarrabawar ta ragu ƙwarai a shekarun nan, kuma ba haka kawai ba. A 2014 wasu masana kimiyya biyu, Casey Miller da Keivan Stassun, sun yi rubutu a mujallar Nature suna nuna cewa amfani da makin a matsayin shinge yana zubar da mata da 'yan tsirarun ƙabilu da yawa tun kafin a karanta takardunsu. A 2017 bincike biyu daga Jami'ar Vanderbilt da Jami'ar North Carolina suka fito, suka nuna cewa a cikin ɗaliban kimiyyar lafiya da suka duba, makin GRE bai nuna wa zai wallafa maƙalu da yawa ba. Sassa suka fara janye sharaɗin, annobar korona ta 2020 ta zo ta ƙara ingiza su da aka rufe cibiyoyin jarrabawa. Jami'ar Michigan ta kai ga daina karɓar makin a dukkan shirye-shiryenta na digirgir da ke ƙarƙashin Rackham, makarantarta ta manyan digiri.

Sai dai ni ban yarda maganar ta ƙare a nan ba. Masu kare jarrabawar suna da hujjar da ba a ture ta da sauƙi. Binciken da aka yi a kan ɗaliban da aka riga aka ɗauka, ai su kaɗai ya gani, kuma kusan dukkansu masu maki ne mai kyau. Kamar ka auna tsayin ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ka ga wanda ya fi tsayi ba shi ya fi iya wasa ba, sai ka ce tsayi ba shi da amfani a wasan. Akwai kuma tsohon nazari na 2001 da Nathan Kuncel da abokan aikinsa suka yi, suka tattara bincike masu yawa suka ga makin yana da alaƙa da sakamakon darussa. Sannan ga wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. In aka cire jarrabawa, nauyinta yakan koma kan sunan jami'ar da ka fito da sunan wanda ya rubuta maka wasiƙar shaida. Wanda ya fito daga jami'ar da 'yan kwamiti ba su taɓa jin sunanta ba, ba su san yadda ake ba da maki a can ba, GRE na iya zama abu guda da zai ajiye shi a ma'auni ɗaya da ɗan Harvard. Wani lokaci shingen da aka rushe don talaka, shi ne tsanin da ya rage masa.

A aikace abin da sauƙi. Sassa sun kasu uku: masu cewa dole, masu cewa in ka ga dama, da masu cewa ko ka aiko ba za mu duba ba. Na farko da na uku babu gardama. A na tsakiya, ka aika in makin zai ƙara maka, musamman in sakamakon digirinka na da rauni a lissafi ko jami'arka ba sananniya ba ce a wurinsu. In makin tsaka-tsaki ne, riƙe abinka. Kuma a lura, dokar ta sashe ce: a jami'a ɗaya sashen fiziks na iya nema, na kimiyyar halittu ya ce a'a. Shafin sashen na bana shi ne hujja, abin da wani ya gaya maka na shekara uku da suka wuce ya tsufa.

Julie Posselt, wata mai bincike a Amurka, ta zauna ta kalli yadda kwamitoci ke aiki a shirye-shiryen digirgir goma a jami'o'i uku, ta wallafa abin da ta gani a 2016. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne, a zagayen farko, lokacin da takardu suka yi tsibi, maki ake amfani da shi a rage yawa, duk da cewa ETS da kanta tana gargaɗin kada a mai da makin shinge. A zagayen ƙarshe kuwa, da aka rage 'yan kaɗan, magana takan koma kan wa ya dace da wa. Ma'ana, maki na iya hana a karanta ka, amma da wuya ya sa a ɗauke ka. Mai sake jarrabawa karo na huɗu don ya ƙara maki biyu, alhali bai karanta maƙala ko ɗaya ta malaman da yake nema ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Jarrabawar Turanci ba ta buƙatar dogon bayani. TOEFL da IELTS sakamakonsu shekara biyu yake aiki, jami'o'i da dama yanzu suna karɓar ta Duolingo, wasu kuma suna yafe wa wanda ya yi digirinsa da Turanci. Ita iyaka ce kawai, in ka haye ka haye. Abin lura ɗaya: inda za a biya ka ta hanyar koyarwa, sukan sa ido a kan makin magana daban.

Sai wasiƙa. Ka ɗauka kai ne malamar, watan Oktoba, ƙarfe bakwai na safe, ka buɗe imel kafin ka shiga aji. Ga saƙonni sun taru. Na farko ya fara da "Ya mai girma Farfesa", babu suna. Ya ce ya daɗe yana sha'awar "fitaccen bincikenki", bai ambaci ko wanne ba. Sakin layi shida, tarihin rayuwa tun daga firamare, takardu tara a maƙale, a ƙarshe kuma sunan wata jami'a daban, domin ya manta bai canza ba daga wasiƙar da ya aika wa wani. Na biyu layi takwas ne. Ya kira ta da sunanta. Ya ce yana kammala digiri na biyu a fanni kaza, kundinsa a kan abu kaza ne. Ya ce ya karanta maƙalarta ta bara, ya ga hanyar da ta bi wajen auna abu kaza, shi ma ya gwada makamanciyarta a nasa aikin sai ya ci karo da wata matsala, ya faɗi matsalar a jimla ɗaya. Sai tambaya guda: kina ɗaukar ɗalibai a zango mai zuwa? Takardar tarihin karatu da aiki ɗaya a maƙale. Wanne za ka amsa a minti biyun da kake da su?

Sirrin ta biyun ba ladabi ba ne, duka biyun suna da ladabi. Ta biyun ba za a iya aika wa wani malami ita ba, tata ce ita kaɗai, kuma tambayarta ana amsa ta da i ko a'a. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke zuba wa kowa wasiƙa mai santsi, santsin ya daina burge kowa. Abin da ya rage da daraja shi ne alamar cewa ka karanta, ka fahimta, har wani abu ya tsaya maka a rai.

Kafin ka rubuta, ka duba shafin malamin da na sashen. Wasu sun rubuta ƙarara cewa ba sa amsa saƙon masu nema, a cike fom a ambaci sunansu. Wasu sun ce a rubuto, har da abin da za a sa a kan saƙon, don su gane wa ya karanta umarnin. Wasu sun sanar ba sa ɗauka a bana. Tambayar abin da ke rubuce a shafi, kamar ranar rufe fom ko ko ana buƙatar GRE, tana zubar da mutum. Waɗannan na jami'in sashe ne mai kula da harkokin manyan ɗalibai. Lokacin rubutu kuma daga wajen Agusta ne zuwa Oktoba, tunda yawancin jami'o'in Amurka suna rufe karɓa a Disamba, da yawa a ranar 1 ko 15 ga wata. Wasiƙar da ta iso saura kwana uku, ta nuna abin da ta nuna. Kada ka nemi ya duba maka takardar bayanin manufarka a saƙon farko, kada ka tambaye shi ko kana da sa'a, kada kuma ka aika wa malamai biyar na sashe ɗaya wasiƙa iri ɗaya, ofisoshinsu a jere suke, suna kuma hira.

In aka yi shiru fa? A nan mutane suka fi karaya. Shiru a wannan harka yana da ma'anoni da yawa: malami na hutun bincike, ko yana jiran sakamakon tallafin da ya nema bai san ko zai sami kuɗi ba, ko ƙa'idar sashensu ce kada a yi hulɗa da masu nema don a yi wa kowa adalci, ko saƙon ya nutse kawai. Tunatarwa ɗaya bayan mako biyu ta isa. A tsarin kwamiti, shiru ba ya hana ka nema. A tsarin da malami ne ke ɗauka, shiru bayan tunatarwa dalili ne na ka yi tunani kafin ka kashe kuɗin fom.

Akwai kuma gaskiya mai ɗaci. Katherine Milkman da Modupe Akinola da Dolly Chugh sun aika wa malamai sama da 6,500 a jami'o'in Amurka 259 saƙo iri ɗaya, kamar daga ɗalibi mai son tattaunawa kafin ya nemi digirgir. Sunan mai aikowa kawai suka riƙa canzawa. Sunayen da ke nuna namiji farar fata sun fi samun amsa a kan na mata da na sauran jinsuna, kuma tazarar ta fi faɗi a jami'o'i masu zaman kansu da fannonin da ake biyan albashi mai tsoka. Na kawo wannan ne don wanda aka yi wa shiru kada ya yanke wa kansa hukuncin rashin cancanta, kuma don ya san amfanin wata hanyar: in malaminka ya san wancan malamin, ko sun taɓa haɗuwa a taro, layi biyu daga gare shi sun fi wasiƙarka goma.

Haka kuma amsa mai daɗi ba gurbi ba ce. "Ina ƙarfafa maka gwiwa ka nema" jimla ce da wasu ke aika wa kowa. Alamar gaske ita ce a yi maka tambaya a kan aikinka, ko a ce ku yi magana ta bidiyo, ko a ce ka sanar da shi in ka tura fom. Ko a nan ma, a yawancin jami'o'i sai kwamiti da makarantar manyan digiri sun sa hannu. Abin da ba a rubuce a takardar tayi ba, da adadin kuɗi da adadin shekaru, bai tabbata ba.

Ribar tuntuɓa da aka fi rainawa ita ce abin da kai za ka sani. Takardar bayanin manufa da ta ambaci malamai biyu ko uku da dalilin da ya sa aikinka ya haɗu da nasu ta fi ƙarfi, amma in wanda ka gina takardar a kansa zai yi ritaya ko zai koma wata jami'a, ka yi gini a kan yashi. Saƙo ɗaya kan tone wannan. Wasiƙun shaida kuwa, galibi uku ake nema, kuma wanda ya ga aikinka da idonsa ya fi mai babban muƙamin da bai san ka ba. A fom ɗin Amurka za a tambaye ka ko ka yafe haƙƙinka na ganin wasiƙar, haƙƙin da wata dokar 1974 ta ba ɗalibai. Ka yafe. Kwamiti ya fi yarda da wasiƙar da aka rubuta a bayan idonka.

Hira da sakamako sukan zo tsakanin Janairu da Maris. Daga nan ma'auni ya juya, kai ne mai tantancewa. Ɗaruruwan jami'o'in Amurka sun sa hannu a wata yarjejeniya ta majalisar makarantun manyan digiri, cewa wanda aka yi wa tayi da tallafin kuɗi ba za a tilasta masa ya amsa kafin 15 ga Afrilu ba. A wannan tazarar ka rubuta wa ɗaliban malamin, na yanzu da waɗanda suka gama, in da hali har wanda ya bar shi ya koma wurin wani. Sau nawa yake zama da ku? In ka ba shi babi, mako nawa kafin ya dawo da shi? Shekara nawa ɗalibansa ke yi, ina suke yanzu? Alawus na wata tara ne ko goma sha biyu, kuma yana isa haya a garin? Da yawansu ba za su rubuta maka gaskiya a imel ba. In ɗaya ya ce "bari mu yi waya", ka kira shi.